Sa Kashim Ibrahim: Gwamnan da ya riƙi girma ba tare da iko ba

Da wuya rana ta fito ta faɗi a Kaduna ba a ambaci sunan Sa Kashim Ibrahim a gidajen rediyo ba, domin kusan duk sanarwar da gwamnatin jiha za ta fitar, ta naɗin kwamishina ce ko ta dokar hana fita, daga gidan da ke ɗauke da sunansa take fitowa. Amma kwanan baya a wata majalisa da ke Unguwar Rimi, bayan an idar da sallar isha'i, gardama ta kaure tsakanin wasu samari a kan ko wane ne mai wannan suna, har wani daga cikinsu ya dage a kan cewa Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima aka karrama da gidan. Ban ga laifin yaron ba, don kuwa mutumin da ake magana ya bar kujerar gwamna a shekarar da aka haifi Mataimakin Shugaban Ƙasar, wato 1966, kuma ba kasafai ake koyar da tarihinsa a makarantunmu ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi rayuwar dattijon, mu kuma dubi kujerar da ya zauna a kai, yadda take a zamaninsa da yadda ta koma a yau, musamman ganin yadda masu neman irinta suka cika gari ana tunkarar zaɓen 2027.

An haifi Kashim ranar 10 ga Yuni 1910 a unguwar Gargar da ke Yerwa, wato Maidugurin yanzu, shekara uku kacal bayan Shehu Abubakar Garbai ya taso daga Kukawa ya kafa fadarsa a wurin. Borno a lokacin ba ta gama warkewa daga ɓarnar Rabe ba, ga kuma Turawa sun shigo da sabon salo na mulki. Mahaifinsa, Ibrahim Lakanmi, ya fara sa shi a makarantar allo kamar kowane ɗan Musulmi, sai a 1922 aka shigar da shi makarantar lardi ta Borno, a zamanin da yawancin iyaye ke ɓoye 'ya'yansu don gudun boko. A 1925 ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya gama a 1929. Ke nan ya riga Ahmadu Bello shiga kwalejin da shekara guda, ya riga Abubakar Tafawa Ɓalewa da shekara uku. Wannan fifiko na shekaru da na aji ya bi su har cikin siyasa, domin ɗaliban Katsina sun kasance masu kiyaye girman na gaba ko da na baya ya fi shi muƙami.

Da ya koma gida sai ya kama koyarwa a makarantar Midil ta Borno. A 1933 aka ɗaga shi zuwa malamin zagaye, aikin da ya sa ya riƙa bin garuruwa da ƙauyukan lardin yana duba makarantun elemantare, yana lallashin hakimai da iyaye su ba da yara. Ya kuma rubuta littattafan karatu da na lissafi cikin harshen Barebari domin yaran da ke fara makaranta su soma da harshen da suka tashi da shi. A 1935 Shehun Borno ya ba shi sarautar Shettima, kuma da sunan Shettima Kashim aka san shi shekaru masu yawa. Ya ci gaba da hawa har ya zama jami'in ilimi na lardi. Sama da shekara ashirin ya yi yana riƙe da alli da rajista kafin siyasa ta kira shi, kuma duk wanda ya bi tarihinsa zai ga cewa halin malanta bai taɓa barinsa ba.

Siyasa ta zo da tsarin mulkin Makfasan na 1951. An zaɓi Shettima Kashim zuwa Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, yana cikin jiga-jigan Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, daga nan kuma aka tura shi Ikko. A 1952 ya zama ɗaya daga cikin ministocin farko da Arewa ta bayar a gwamnatin tsakiya, tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribadu da Sarkin Katsina Usman Nagogo. Ya riƙi ma'aikatar jin daɗin jama'a, daga baya ta ilimi. Yana can aka yi rikicin 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce ba su shirya ba, aka yi musu ihu a titunan Ikko, abin da ya haifar da tarzomar Kano ta watan Mayun wannan shekara. A 1955 ya dawo Kaduna ya zama minista a gwamnatin Sardauna.

Bai daɗe a nan ba gida ya sake kiransa. En'e ta Borno ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, an zargi manyanta da almundahana, har waziri biyu suka bar kujera a jere, ga Shehu Sanda Kyarimi ya manyanta. A 1956 aka naɗa Shettima Kashim Wazirin Borno domin ya tsabtace baitulmali ya maido wa masarautar mutuncinta, kuma an shaide shi da yin hakan. Sai dai mutum tara yake bai cika goma ba. A wannan zamani ne Jam'iyyar Matasan Borno, BYM, ƙarƙashin Ibrahim Imam, wanda ya taɓa zama babban sakataren NPC kafin ya fice a 1954, ta yi ƙarfi a Yerwa ta kuma ƙulla ƙawance da NEPU. En'en da Waziri ke jagoranta ba ta yi wa 'yan hamayya da sauƙi ba, kuma rikicin ya kai ga zub da jini a Maiduguri a 1958, daga nan jam'iyyar ba ta sake miƙewa ba. Masoyansa suna ganin ya kare martabar gadon El-Kanemi ne, waɗanda suka ɗanɗana hannun 'yan doka da kotunan alƙalai kuwa suna da nasu labarin. Adalci ga tarihi shi ne a faɗi duka biyun.

Kafin mu kai ga naɗinsa, ya kamata mai karatu ya san asalin kujerar. Lokacin da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, Babban Kwamishina ake kiransa, kuma daga shi sai Landan. Hedikwata ta koma Zungeru a 1902. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 sai mai riƙe da Arewa ya koma Mataimakin Gwamna a ƙarƙashin Ikko, aka kuma taso da hedikwata zuwa Kaduna a 1917. Sunan muƙamin ya yi ta sauyawa har tsarin mulkin Litilton na 1954 ya mai da Nijeriya tarayya, kowace jiha ta samu cikakken gwamna da Firimiya. Sa Bryan Sharwood-Smith, wanda Hausawa ke kira Mai Wandon Ƙarfe, shi ne ya fara riƙe wannan matsayi a Arewa, Sa Gawain Bell ya gaje shi a 1957. Har zuwa lokacin, Gwamna ke shugabantar majalisar zartaswa. Ranar 15 ga Maris 1959, daidai shekara 56 da faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa, Arewa ta sami mulkin kai, Bell ya sauka daga kujerar shugabancin majalisar, Sardauna ya hau. Daga ranar nan iko ya bar Gidan Gwamna ya koma ofishin Firimiya.

Tsarin mulkin 'yancin kai na 1960 ya tabbatar da haka. Gwamna wakilin Sarauniya ne, ita ke naɗa shi bisa shawarar Firimiya, bayan Nijeriya ta zama jamhuriya a watan Oktoban 1963 kuma Shugaban Ƙasa ya karɓi wannan aiki, nan ma bisa shawarar Firimiya. Aikin Gwamna shi ne ya buɗe majalisa, ya karanta jawabin da ministoci suka tsara, ya sa hannu a dokoki, ya rantsar da ministoci, ya ba sarakuna sanda, ya karɓi manyan baƙi. A kusan kowane al'amari doka ta wajabta masa bin shawarar majalisar zartaswa. Inda kawai aka bar masa ɗan sarari shi ne zaɓen wanda yake ganin yana da rinjaye a majalisa ya zama Firimiya, da sauke shi in ya bayyana gare shi cewa rinjayen ya kuɓuce. Ba ya taɓa baitulmali, ba ya ba da kwangila, ba ya raba filaye.

Jihar Yamma da ta Gabas sun riga Arewa samun gwamna ɗan ƙasa, domin tun 1960 aka naɗa Sarkin Ife Sa Adesoji Aderemi a Badun da Sa Francis Ibiam a Inugu. Sardauna bai yi gaggawa ba, ya bar Bell a Kaduna har 1962. Da lokaci ya yi, idanun mutane da yawa suna kan Sarkin Kano Sa Muhammadu Sanusi, wanda ya taɓa riƙon ƙwaryar kujerar. Amma Sardauna ya zaɓi Wazirin Borno. Hikimar a fili take. Firimiya jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne daga Sakkwato, Firayim Minista daga Bauchi, sai ga Gwamna daga Borno, tsohuwar daular da ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Bugu da ƙari, da an ɗora ɗaya daga cikin manyan sarakuna, da sauran sun ga an fifita shi a kansu. A wannan shekara Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Sa, ya zama Sa Kashim Ibrahim, Gwamnan ƙasar da ke da larduna 13, wadda a yau aka yanka ta zuwa jihohi 19.

Ya hau kujerar ne ana tsakiyar ganin abin da ɗan sararin nan na gwamna zai iya haifarwa. A watan Mayun 1962 Sarkin Ife ya sauke Firimiya Samuel Akintola bisa wata takarda da mafi yawan 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba, ya naɗa Dauda Adegbenro. Aka doku da kujeru a majalisar Badun, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, shari'a ta kai har gaban majalisar shari'a ta Sarauniya a Landan, wadda ta ce a 1963 Gwamna bai saɓa doka ba, amma kafin nan bakin alƙalami ya bushe. Wutar da ta tashi daga nan ba ta mutu ba har ta cinye jamhuriyar. Haka kuma bayan zaɓen tarayya na Disambar 1964 Shugaban Ƙasa Nnamdi Azikiwe ya yi kwanaki yana jan ƙafa kafin ya kira Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. A Kaduna ba a taɓa jin makamancin wannan ba. Gaskiya ne cewa NPC ta lashe zaɓen jiha na 1961 da rinjaye mai yawa, saboda haka ba a jarraba Sa Kashim da irin jarrabawar Sarkin Ife ba. Duk da haka, shekara kusan huɗu ya yi da Firimiyan da ya girma, mai ƙarfin hali irin Sardauna, ba a ji kansu ba, kowa ya san iyakarsa.

Babbar jarrabawarsa ta zo ta fuskar Kano. A 1962 gwamnatin Arewa ta naɗa wani Baturen mulki, David Muffett, ya binciki kuɗin En'e ta Kano, rahoton ya ɗora alhakin taɓarɓarewar baitulmalin a kan fada. A watan Maris 1963 aka kira Sarki Sanusi Kaduna, kuma a gaban Gwamna ya miƙa takardar murabus, aka wuce da shi Azare. Muhammadu Inuwa ya gaje shi, ya yi wata shida ya rasu, sai aka naɗa Ado Bayero a watan Oktoba, Sa Kashim ya ba shi sanda. Har gobe Kanawa da dama suna ganin siyasa ce ta ci Sarki, ba lissafin baitulmali ba. Ko ma mene ne, hukuncin na majalisar zartaswa ne, Gwamna hannu kawai doka ta ba shi ya sa. Amma darasin ya zauna, wato cewa wanda ke Gidan Gwamna yana iya raba sarki da gadonsa, kuma magadan kujerar sun riƙe darasin da kyau. An ga haka a Sakkwato a 1996, a Gwandu a 2005, an kuma sake gani a Kano a 2020 lokacin da aka sauke jikan Sarki Sanusin, kafin wata gwamnatin ta maido shi a 2024.

A zamaninsa ne aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962, abin da ya fi komai faranta ran tsohon malamin zagaye, kuma babban ɗakin karatun jami'ar sunansa yake ɗauke da shi. A zamaninsa ne kuma aka maye gurbin ikon razdanoni da kwamishinonin lardi 'yan siyasa, Gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna ya kankama, jaridar New Nigerian ta fito ranar 1 ga Janairu 1966. Mako biyu bayan haka komai ya rushe.

Cikin daren Asabar 15 ga Janairu 1966, ana cikin goman ƙarshe na azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka afka wa gidan Firimiya suka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu. A Kaduna suka kashe Birgediya Samuel Ademulegun da Kanar Ralph Shodeinde, a Ikko kuma aka kashe Firayim Minista da manyan hafsoshi, cikinsu har da Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar-Kanar Abogo Largema, dukkansu 'yan lardin da Sa Kashim ya yi wa hidimar ilimi. Shi kansa an ɗauke shi daga Gidan Gwamna aka tsare, daga baya aka sake shi. Cikin kwanaki kaɗan Janar Aguiyi-Ironsi ya naɗa Manjo Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Nagogo, mai shekara 32, Gwamnan soja na Arewa.

A nan ne halin mutumin ya fito sarai. Dattijo mai shekara 55, wanda jiya-jiya ake busa masa bigila, ya amince ya zama mai ba ɗan abokinsa shawara a kujerar da aka ƙwace daga hannunsa. Da wani ne, da fushi ya kai shi gida. Shi kuwa ya ga Arewa ta wayi gari marainiya, ga matashin soja da bai san hawa da gangaren sarakuna da 'yan siyasa ba, sai ya tsaya a bayansa. Da Gowon ya kira taron shata makomar ƙasa a Ikko a watan Satumbar 1966, Sa Kashim ne ya jagoranci tawagar Arewa. Tawagar ta fara da neman sassauƙar haɗaka wadda kowace jiha za ta iya ficewa, daga baya ta sauya ta goyi bayan tarayya mai ƙarfi da ƙirƙiro ƙarin jihohi. Ranar 27 ga Mayu 1967 aka raba Nijeriya jihohi 12, Arewa ta tashi da shida. Ke nan Sa Kashim shi ne ɗan ƙasa na farko, kuma farar hula na ƙarshe, da ya riƙi gwamnan Arewa baki ɗayanta.

Daga nan kujerar ta sauya kama. Gwamnan soja ya haɗa aikin Gwamna da na Firimiya da na majalisar dokoki a hannu ɗaya, abin da ya rattaba wa hannu shi ne doka. Haka Abba Kyari ya riƙi Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967 zuwa 1975, jihar da aka sauya wa suna zuwa Kaduna a 1976, aka kuma cire mata Katsina a 1987. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Da aka tashi komawa mulkin farar hula a 1979 sai aka yi watsi da tsarin Ingila aka ɗauko na Amurka, aka soke muƙamin Firimiya, gwamna ya zama zaɓaɓɓen shugaban zartaswa. Kaduna ce ta fara nuna wa ƙasa inda tsarin ke da ƙaya. Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya ci zaɓe, amma NPN ke da rinjaye a majalisar da ke zaure na Lugga. Majalisa ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki babu kwamishina ko ɗaya, har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau.

Tsarin mulkin 1999 da muke kai yanzu ya bi wannan sawu. Sashe na 176 ya ce gwamna shi ne shugaban zartaswa na jiha. Sashe na 177 ya ce dole ya zama haifaffen ɗan Nijeriya, mai shekara 35 zuwa sama, wanda wata jam'iyya ta tsayar, mai ilimin sakandare ko makamancinsa. Ba ya cin zaɓe sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar, waɗanda a Kaduna 23 ne. Wa'adinsa shekara huɗu, ba a zaɓensa fiye da sau biyu. Sai ya bayyana kadarorinsa ya yi rantsuwa kafin ya kama aiki, kuma an hana shi riƙe wani aikin albashi. Kwamishinoninsa sai majalisa ta tantance su, kuɗin jiha ba ya taɓa su sai da dokar kasafi, in ya ƙi sa hannu a doka cikin kwana 30 majalisa na iya tabbatar da ita da kashi biyu cikin uku. Sashe na 308 ya lulluɓe shi da rigar kariya, ba a gurfanar da shi kotu yana kan mulki. Sashe na 188 kuwa ya shimfiɗa hanyar tsige shi: kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku su amince a bincika, Babban Jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai, kwamitin ya kawo rahoto cikin wata uku, sannan kashi biyu cikin uku su sake amincewa.

A takarda, mai karatu, waɗannan dokoki sun isa su yi wa kowane gwamna linzami. A aikace kuwa kowa ya san inda gizo ke saƙa. Majalisun jihohi da yawa sun koma 'yan amshin Shata, kasafin biliyoyi kan wuce cikin 'yan kwanaki. Inda aka yi amfani da sashen tsigewa kuma, sau da yawa an yi shi ne a gurguje da 'yan majalisa tsiraru, shi ya sa kotuna suka soke tsigewar Rashidi Ladoja na Oyo da Peter Obi na Anambra da Joshua Dariye na Filato, duk na shekarar 2006. Kuɗin ƙananan hukumomi sun daɗe suna maƙalewa a asusun haɗin gwiwa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kai tsaye. Gwamnan yau yana da abin da Sa Kashim da Sardauna suka raba a tsakaninsu, har da ƙari, alhali babu wani dattijo a samansa cikin jiha da doka ta ce ya tsaya a gabansa ya yi masa bayani.

Bayan ya bar Kaduna, Sa Kashim ya koma Maiduguri da zama, bai sake neman wani muƙamin siyasa ba ko da aka dawo fagen a 1979. Ya gaji Tafawa Ɓalewa a matsayin Uban Jami'ar Badun, daga baya ya zama Uban Jami'ar Legas. Masanin tarihi Akinjide Osuntokun ya rubuta tarihinsa a littafin Power Broker a 1987. Bai tara abin duniya ba, har ta kai sai da ya je kotu kafin ya sami fanshonsa na tsohon gwamna. A gwada wannan da dokokin da jihohi da dama suka yi bayan 1999, waɗanda suka tanadar wa tsofaffin gwamnoni gidaje da motoci da kuɗin hidima har iyakar rayuwa, irin wadda majalisar Zamfara ta soke a watan Nuwambar 2019 bayan jama'a sun yi ca. Allah Ya karɓi ransa ranar 25 ga Yuli 1990 yana da shekara 80.

Ba ina kiran a koma tsarin Firimiya ba ne, domin shi ma mun ga yadda ya ƙare, kuma ba ina cewa mutanen da mala'iku ne ba, tunda labarin Yerwa na 1958 yana nan. Abin da rayuwar wannan bawan Allah ke koya mana shi ne, girman kujera ba ya rataya a kan yawan ikonta. Ya zauna a kanta ba ya da ikon kashe ko sisin kwabo na jama'a, ya sauka ba tare da ya ci mutuncin kowa ba, ya yi wa wanda ya gaje shi hidima, kuma shekara 60 bayan haka sunansa ne a ƙofar gidan. Da yawa sun shiga gidan bayansa da iko ninkin-ba-ninkin, wasu ko sunansu ba a tunawa.

Saboda haka ina kira ga masu shirin kaɗa ƙuri'a, daga Unguwar Rimi har Birnin Gwari da Kafanchan, da kada su tsaya a kan wanda zai zama gwamna kaɗai. Su dubi wanda za su tura majalisar jiha da idon basira, domin shi ne linzamin da tsarin mulki ya ba su, kuma in suka sayar da shi a kan taliya da atamfa, to su san shekara huɗu za su yi suna kuka babu mai jin su. Su tambayi kowane ɗan takara abin da ya yi da ƙaramar amanar da aka taɓa ba shi, kamar yadda aka san Kashim da makarantun Borno kafin a san shi da Gidan Gwamna. Ina kuma roƙon hukumomin ilimi su shigar da tarihin irin waɗannan mutane cikin manhaja, don kada jikokinmu su riƙa wucewa ta ƙofar gidan ba su san mai sunan ba. Shi kuwa wanda Allah Ya ba kujerar, yanzu ko nan gaba, ya riƙa ɗaga kai yana karanta allon da ke bakin ƙofa duk safiya, ya tuna cewa sarki goma zamani goma ne.

Allah Ya jiƙan Sa Kashim Ibrahim da sauran magabatanmu, Ya yafe musu kurakuransu, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, amin.